Gaiwa: Kifin da Ake Haƙowa da Fartanya

Idan rani ya tsaya sosai a fadamun Haɗejiya, wajen watan Maris zuwa Afrilu, ƙasar da ta kwana cikin ruwa wata uku ko huɗu takan bushe ta tsattsage har ƙafar yaro ta iya zurmawa a tsagar. Shanun Fulani sun gama da burugu, sun bar sawun kofato ya daskare a laka. A irin wannan lokaci ne ake ganin mutum yana tafe a hankali tsakiyar busasshen tabki, kansa a sunkuye, da sanda a hannu da fartanya a kafaɗa. Babu gora, babu koma, babu birgi. Amma kifi ya fito nema.

Abin da idonsa ke bi shi ne wani ɗan toshiyar laka a bakin rami, wanda baƙo zai taka ya wuce bai sani ba. In ya gan shi sai ya durƙusa ya zura sanda, ya ji inda ramin ya nufa, sannan ya sa fartanya ya sare ƙasar gefe-gefe don kada ya raunata abin da ke ciki. Bayan taƙi biyu ko kamu guda sai ya ɗago curin laka. Ya fasa, sai ga wata 'yar jaka ruwan ƙasa, sirara, mai ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganyen masara. A cikinta gaiwa ce a naɗe, ta lanƙwasa jikinta biyu, ta rufe fuska da wutsiya, fatarta da danshi alhali ƙasar da ke kewaye da ita ta yi watanni ba ta ga ɗigon ruwa ba. Da an taɓa ta takan yi wani ɗan gurnani, kuma mai haƙa ya san ya kiyayi bakinta, don cizonta ba wasa ba ne.

Tun kaka da kakanni mutanen bakin kogi, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri har Nguru da Gashuwa, sun san wannan kifi, kuma sun bar mana maganganu uku a kansa. Wasu sun ce daga sama yake faɗowa tare da ruwan farko. An ce jikinta take ci idan rani ya yi, har ta zama abin misali ga ɗan kasuwar da ya koma cin uwar kuɗinsa. An kuma ce tana da mama irin na mutane, abin da ya sa wasu ke kiranta maimama, wasu kuma ke ƙyamar cin ta. Kowace magana a cikin ukun nan tana da tushe, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ta faɗowa daga sama ita ce mafi sauƙin warwarewa. Mutum ya wuce ta wani kwari jiya ya gan shi ƙurmus, babu wani rafi da ya haɗa shi da kogi. Da dare aka sheƙa ruwa, da safe ya ga kifi mai tsawon hannu yana iyo a ciki. Wanda bai taɓa haƙa ba, ina zai ce ya fito in ba sama ba? Masu haƙa kuwa ba su taɓa ruɗewa ba, domin sun san tana nan ƙarƙashin ƙafarsu tun bara.

Ba mu kaɗai ƙasa ta taɓa ruɗawa haka ba. A hamadar Larabawa da Arewacin Afirka akwai wani abinci da ake tonowa daga yashi, Larabawa na ce masa kam'a ko faƙa'a, mutanen Maroko da Aljeriya na ce masa tarfas. Dunƙule ne mai kama da dankali, ba saiwa, ba ganye, ba iri da ido zai gani. Ɗaliban hadisi sun san shi, don ya zo a Bukhari da Muslim cewa yana daga cikin mannu, kuma ruwansa magani ne ga ido. Makiyayan hamada sun daɗe suna cewa tsawa ce ke haifar da shi, kuma marubutan Rum da Girka irin su Pliny da Plutarch sun tattauna wannan zance kusan shekara 2,000 da suka wuce. Sai daga baya aka gane cewa dangin naman kaza ne da ke girma a ɓoye. A 1885 wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Bernhard Frank, wanda gwamnatin Prussia ta sa ya binciko yadda za a noma irin na Turai, ya bayyana cewa zarurrukansa suna manne wa saiwar itace, suna ba ta ruwa da sinadaran ƙasa, ita kuma tana ba su abinci. Na hamada yakan bi saiwar wata 'yar ciyawa ce, kuma ruwan da ke zuwa da tsawa a farkon sanyi shi ke tayar da shi. Mai nemansa, kamar mai neman gaiwa, ɗan kumburi da tsagar ƙasa yake karantawa. Bambancin yana wajen kuɗi: a 2007 attajirin Macau, Stanley Ho, ya biya dala 330,000 a kan farin dunƙule ɗaya na Italiya mai nauyin kilo ɗaya da rabi, ita kuwa gaiwa abincin talaka ce.

Maganar mama ita ce ta kai Turawa ga gardama. Gaiwa ba ta da fuka-fukan iyo masu faɗi irin na karfasa ko tarwaɗa. Abin da take da shi wasu siraran igiyoyi ne guda huɗu, biyu a bayan kai, biyu wajen ciki, waɗanda take dogarawa da su a ƙasan ruwa. Igiyoyin nan su ne aka ɗauka mama. Ba ta shayarwa. Ƙwai take yi a ramin da aka share cikin ciyawar ruwa, namijin kuma ya tsaya gadi, yana kaɗa wutsiya don ruwan ya riƙa motsi har 'ya'yan su ƙyanƙyashe. John Samuel Budgett na Jami'ar Cambridge ya ga wannan da idonsa a Gambiya wajen 1900. Amma tun kafin shi, a 1839, Richard Owen ya yi bayanin gaiwar da aka kai masa Landan daga Kogin Gambiya, shekara biyu bayan an bayyana 'yar'uwarta ta Kogin Amazon. Masana suka rabu: kifi ce ko dangin kwaɗo? Tana da ɓawo a jiki irin na kifi, amma tana da huhu guda biyu, har ma in aka hana ta leƙo kai ta shaƙi iska sai ta nutse ta mutu a cikin ruwan da take zaune. Owen ya yanke cewa kifi ce, ya kafa hujja da cewa hancinta bai ɓulle cikin baki ba. Hukuncin ya tabbata, hujjar ce ta rushe, don daga baya an ga hancin ya ɓulle. A yau iri shida ne suka rage a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya. Malamanmu na Malikiyya kuwa ba su sha wannan wahala ba, domin Muhtasar na Halil ya riga ya sanya dabbar ruwa cikin masu tsarki ko da takan daɗe a tudu.

Saura babbar magana, wadda ita ce ta fi jan hankalina: shin da gaske jikinta take ci?

Ga yadda abin yake faruwa. Idan ruwa ya fara janyewa, tun laka tana da taushi, gaiwa takan kafa kai ƙasa ta riƙa cizon lakar tana fitar da ita ta ramukan numfashinta na gefen wuya, har ta yi rami. A ƙarshensa sai ta juyo, bakinta ya dubi sama. Muddin akwai sauran ruwa a ramin, takan hau ta shaƙi iska ta koma. Ranar da ruwan ya ƙare, sai fatarta ta zubo da yauƙi mai yawa, ya bushe ya zama jakar nan, ya rufe ta ruf in ban da wata 'yar kafa da ta shiga bakinta. Ta nan iska ke isa huhu, bayan ta ratso toshiyar lakar da mai haƙa ke nema a sama. Masu bincike biyu 'yan Suwidin, Johnels da Svensson, sun rubuta wannan daki-daki a 1954 bayan aikin da suka yi a Gambiya.

Abin da ke gudana a cikin jikin kuwa, wani Ba'amurke masanin ƙoda mai suna Homer Smith ne ya fara auna shi. Ya je Gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1920, ya kwaso irin gaiwar Tabkin Biktoriya, ya sa su barci a laka a ɗakin gwajinsa, ya buga sakamakon a 1930. Ya tarar numfashi ya ragu ƙwarai, fitsari ya tsaya cak, kuma ɗan ƙarfin da ke riƙe da rai yawancinsa daga tsokar kifin yake fitowa. Jiki ne ke narkar da namansa kaɗan-kaɗan, wata bayan wata. To a nan akwai haɗari. Narkar da nama yana haifar da amoniya, guba ce da sauran kifaye ke zubarwa a ruwa nan take. Gaiwa ba ta da ruwan zubarwa, sai hantarta ta mai da gubar yuriya, sinadarin nan da manoman shinkafar Haɗejiya ke saye a buhu, ta tara shi a jini da tsoka har ya kai yawan da zai halaka wata dabbar. Ranar da ruwa ya dawo ya jiƙa jakar, sai ta farka, ta fito a rame, ta zubar da abin da ta tara cikin 'yan kwanaki, ta shiga farautar katantanwa da kwaɗi da ƙananan kifi. A daji barcin yakan kai wata bakwai ko takwas. A ɗakin gwaji an ga wadda ta haura shekara uku.

Ashe tsofaffinmu sun faɗi gaskiya, kuma sun faɗe ta tun kafin a ƙera ma'aunin da zai tabbatar da ita. Inda zancen ya zarce shi ne cewa da baki take gutsurar wutsiyarta. A ganina abu biyu ne suka haifar da wannan: mai haƙa kullum yakan same ta da wutsiya a kan baki, sannan ana yawan kama gaiwa mai guntuwar wutsiya ko igiya. Wannan guntulewa cizon 'yan'uwanta ne ko na wani maƙiyi, kuma abin da ya guntule yakan sake tsirowa.

Ita ma jakar ba mushen yauƙi ba ce kamar yadda aka ɗauka shekara da shekaru. A 2021 masu bincike a Jami'ar New Mexico, ƙarƙashin Irene Salinas, suka nuna cewa tana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai, har da fararen ƙwayoyin jini da ke barin cikin jiki su taru a fata, su tare ƙwayoyin cuta a waje. Haka kifin ke kwana watanni cikin ƙazantar laka ba tare da ya ruɓe ba.

A tukunya gaiwa sai wanda ya iya ta. Ana fara cire yauƙin da ruwan zafi ko toka, sannan a yanka gunduwa-gunduwa. Ba ta da ƙananan ƙayoyi masu maƙale wa yaro a wuya, domin yawancin ƙashinta guringuntsi ne. Namanta yana da ƙarni mai ƙarfi, shi ya sa farfesunta ke son citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa ba ƙwauro. An fi sayar da ita banda, kuma bandar takan daɗe, a ɓarɓasa ta a miyar kuka ko ta kuɓewa. A kasuwar kifi ta Haɗejiya, inda ake ɗaure kwalayen banda zuwa kudancin ƙasar nan, ba ta kai tarwaɗa ko bargi farin jini ba. Darajarta tana ga lokacin da take samuwa, wato tsakiyar rani, sa'ad da tabkuna suka ƙafe, masu gura da kalli suka rataye kayansu. A wasu sassan Afirka akan ajiye ta cikin curin lakarta a gida, ɗanyen kifi mai rai, sai ranar da ake bukata a fasa. A haka ma aka riƙa kai ta Turai cikin jirgin ruwa a ƙarni na 19. Ƙyamarta ma ba a ƙasar Hausa ta tsaya ba: a Buganda ta ƙasar Yuganda akwai zuriya guda, Mmamba, da ke ɗauke da sunanta kuma ba ta cin ta.

Duk wannan hikima ta jiki an gina ta ne a kan fadamar da ke cika ta kuma bushe a kan lokaci, kuma wannan lokacin ne ya rikice. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a yankin Auyo. A shekarun 1960 ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa. Madatsun da farin shekarun 1970 da 1980 suka rage ta ƙwarai. Ruwan da ake saki da rani kuma ya sa wasu hanyoyin, musamman Marma, ba sa bushewa sam, ciyawar kacalla ta cika su ta toshe, ruwa ya karkata ya kwanta a gonakin wasu, ya bar na wasu ƙurmus. An sa Tabkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2000, dausayin Baturiya ya biyo a 2008, amma sanya suna a takarda bai cire kacalla ba.

Inda ruwa ya zauna dindindin gaiwa ba ta rasa komai, sai dai mai haƙa ya rasa kifin raninsa. Inda aka kafa injin ban ruwa aka sa garma a fadama da rani, jakar takan fashe tun damina ba ta zo ba, kuma gaiwar da jakarta ta fashe bushewa take yi. Mafi muni shi ne kwarin da toshewar hanya ta yanke wa ambaliya shekara huɗu ko biyar a jere, domin tsokar da take ci tana da iyaka. A shekarun 1990 masu aikin kare dausayin Haɗejiya da Nguru sun yi roƙon a riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa da yawa a cikin damina, a rage shi da rani, yadda kogin zai koma kusa da tsohon halinsa. Ƙofofin madatsun biyu suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are.