Faifan Garmaho da Tarihin Wanke Muryarsa

Ƙas-ƙas ɗin nan da ake ji a tsohon faifai kafin mawaƙi ya buɗe baki, shi ma yana da nasa tarihin. A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta maimaita, a Amurka. A 1887 Emile Berliner ya fito da garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai. Faifan da ya yaɗu a duniya bayan haka ana yin sa ne da wani ƙaro da ƙwari ke tarawa a rassan itatuwa a Indiya, a cuɗa shi da garin dutse. Yana juyawa sau 78 a minti, kuma fuska ɗaya ba ta cika wuce minti uku ba. Garin dutsen nan shi ne tushen shuuu ɗin da ke bin waƙa daga farko har ƙarshe. Ƙa'ida ita ce a canza allurar ƙarfe bayan kowace fuska, amma a gidajenmu wa ke da wannan sukunin? Akan bar ta ta dakushe, ta yi ta cin faifai.

A 1948 kamfanin Columbia ya kawo faifan roba mai juyi 33 da sulusi, RCA Victor kuma ya biyo da mai 45 a 1949. A kan irin wannan faifai ne kamfanin EMI ya fitar da waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa. Roba ta rage shuuu, sai dai tana jawo ƙura, kuma ba ta jure karce. Ƙurar hunturunmu kuwa ba sai an faɗa muku ba. Da kaset ya mamaye kasuwa, sai faya-fayan suka koma ƙarƙashin gado, inda zafi ya lanƙwasa da dama daga cikinsu.

Aikin wanke murya da kwamfuta ya kankama ne a shekarun 1980, lokacin da ma'ajiyar sauti ta ƙasar Ingila ta haɗa gwiwa da Jami'ar Kambirij. Daga binciken nan aka kafa kamfanin CEDAR a 1988. Yau ɗan sakandare ma yana iya gwadawa da manhajar Audacity, wadda kyauta ce.

Ga yadda abin yake. Idan aka juye faifai cikin kwamfuta, takan auna sautin sau 44,100 ko fiye a kowace daƙiƙa. Ƙas ɗin da karce ke haifarwa gajere ne ƙwarai, ya tashi nan take ya faɗi. Kwamfuta sai ta gano shi, ta yanke, ta cike gurbin da abin da ta fahimta daga gabansa da bayansa, kamar yadda malami ke gane harafin da ɗalibi ya tsallake a kalma. Shuuu kuwa ya fi wuya, domin a cakuɗe yake da muryar. Akan ɗauki samfurinsa daga wurin da ba a fara waƙa ba, a ce wa na'ura ta rage irinsa ko'ina.

A nan ne nake jan kunnen 'ya'yanmu mazauna birane masu wannan aiki. Bugun kalangun Shata, da kotson Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, duk suna tashi nan take ne kamar ƙas ɗin karce. Na'urar ba ta san makaɗi ba. In aka matsa mata, sai ta aske bakin kiɗan, murya ta koma kamar daga cikin rijiya. A ganina gara a bar ɗan shuuu a ji kiɗa da ransa.

Rabin aikin ma tun kafin a kunna kwamfuta ne. A wanke faifan da tataccen ruwa da burushi mai laushi, a bar shi ya bushe a inuwa. Kada sinadarin sifirit ya taɓa mai juyi 78, domin narkar da ƙaron yake yi, kuma allurarsa ta fi ta faifan roba kauri. Bayan an juye, a adana kwafin farko yadda yake, da dukan ƙas-ƙas ɗinsa, a yi gyara a kan na biyu. A kuma ɗauki hoton takardar tsakiyar faifan, domin a nan sunan mawaƙi da na kamfani da lambar faifan suke.