San Fitasbag: Birnin Da Aka Mutu Da Yunwa Kusa Da Buhun Iri

Yau tarihi zai kai mu ƙasar Rasha, birnin San Fitasbag.

Sarki Bitrus Mai Girma ne ya kafa shi a 1703, a wata fadama a bakin kogin Neba wadda ya ƙwace daga hannun Suwidin. Wuri ne da ko makiyayi ba zai so ya yada zango ba, amma sarki yana son ƙofar teku zuwa Turai. Aka tilasta wa talakawa aikin gini, dubbai suka mutu. A 1712 ya mai da shi babban birni, har 1918 da gwamnatin Lenin ta koma Mosko. Sunansa ma bai zauna wuri ɗaya ba: Fetirogirad a 1914, Leningirad a 1924, sannan ya koma sunansa na asali a 1991.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Hitila da na Finlan sun yi wa birnin ƙawanya daga 8 ga Satumba 1941 zuwa 27 ga Janairu 1944, kwana 872. A Nuwamba 1941 rabon burodin wanda ba ma'aikaci ba ya koma giram 125 a rana, shi ma gauraye da dusa. Sai da tafkin Ladoga ya daskare motoci suka riƙa shigo da ɗan abinci ta kan ƙanƙara. Mutane dubu ɗaruruwa suka mutu, akasarinsu da yunwa.

To a tsakiyar wannan birni akwai cibiyar da masanin tsirrai Nikolai Babilof ya tara irin shuka daga sassan duniya, har Habasha ya je a 1927. Shinkafa, alkama, wake, dankali, duk suna jibge. Ma'aikatan suka riƙa gadinsu daga ɓeraye da sanyi da mayunwata, kuma suka ƙi ci. Dimitiri Ibanof, mai kula da shinkafa, ya mutu da yunwa ga shinkafa kewaye da shi. Alezanda Shukin, masanin gyaɗa, a kan teburinsa aka same shi. Duk manomin da ya taɓa ɗaure damin iri a rumbu ya hana iyalinsa taɓawa a watan bazara ya san nauyin abin, sai dai shi yana sa ran ganin damina.

Shi kuwa Babilof bai ga wannan ba. Gwamnatin Sitalin ta kama shi tun 1940, ya rasu a kurkukun Saratof a Janairu 1943, shi ma yunwa ce ta ƙarasa shi. Cibiyar tana nan a birnin har yau, da sunansa.