Watanni Goma Sha Ɗaya na King Crimson

Ranar 5 ga Yuli, 1969, jama'a suka yi dafifi a filin Hyde Park da ke Landan, aƙalla mutum dubu 250. Rolling Stones aka zo kallo, kwana biyu bayan rasuwar tsohon makaɗinsu Brian Jones. Kafin manyan su hau dandali, sai aka ba wasu samari huɗu dama su ɗumama fili. Ko faifai ɗaya ba su da shi a kasuwa, kuma a watan Janairu ne suka fara atisaye a ɗakin ƙasa na wani gidan shayi a unguwar Fulham. Sunansu King Crimson.

Robert Fripp ke riƙe da jita, a zaune yake kiɗa kamar malami a gaban ɗalibai. Greg Lake ke rera waƙa yana kaɗa bas, Michael Giles na kan ganguna, Ian McDonald kuwa yana busa sarewa da saksofon. Na biyar ɗinsu, Peter Sinfield, ba ya kiɗa: shi ke rubuta baitoci, shi ke kula da fitilun dandali.

Faifansu na farko, In the Court of the Crimson King, ya fito ranar 10 ga Oktoba a ƙarƙashin kamfanin Island, ya kai mataki na 5 a jerin cinikin Birtaniya. Waƙoƙi biyar ne kacal a ciki, a zamanin da gidajen rediyo suka saba da waƙar minti uku. Ta farko, "21st Century Schizoid Man", tana faɗo wa mai sauraro kamar aradu: murya a shaƙe, jita da saksofon suna tsere cikin salon jaz, su tsaya cak tare, su sake zabura tare. Tana ƙarewa sai sarewa ta shigo a hankali, kai ka ce ba makaɗan ɗazu ba ne. Wannan sauyin daga hargowa zuwa natsuwa shi ya fara kama ni, har yau kuma bai sake ni ba.

Sai dai asirin faifan yana cikin wata na'ura mai suna Mellotron, wadda ake ƙerawa a Birmingham a lokacin. A ido kamar fiyano take. A ciki kuwa, kowane maɓalli yana da nasa zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa na gaske a kai. Ka danna, zaren ya yi gudu kamar daƙiƙa takwas, sautin ya mutu, dole ka ɗaga yatsa ya koma baya. Ga nauyi, ga saurin lalacewa, wutar lantarki tana yin ƙasa sautin ya karkace. Beatles da Moody Blues sun riga su amfani da ita, amma a hannun McDonald ta zama wani abu daban. A waƙar "Epitaph" tana tasowa kamar hadari daga gabas, rawar da ke cikin sautinta ita ce ke sa tsigar jiki ta tashi. Na'urorin yau sun fi ta tsabtar sauti nesa ba kusa ba, amma ban ji wadda ta yi kuka irin nata ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe ga abin da aka kira progressive rock. A 1972 Yes suka cika fuska guda ta faifan garmaho da "Close to the Edge" mai minti 18, Genesis suka yi "Supper's Ready" mai kusan minti 23. Pink Floyd suka biyo da The Dark Side of the Moon a 1973. Wasu sun wuce gona da iri, gaskiya ne, shi ya sa matasan punk suka yi musu bore a 1977.

Waɗanda suka buɗe ƙofar kuwa ba su ga sabuwar shekara tare ba. A Disamba 1969, suna rangadi a Amurka, McDonald da Giles suka ce sun gaji. Fripp ya ce bari shi ya fita su riƙe ƙungiyar, suka ƙi. A dandalin Fillmore West na San Francisco, inda suka yi wasansu na ƙarshe, Lake ya ƙulla abota da Keith Emerson, a 1970 suka kafa Emerson, Lake & Palmer. Fripp ya ci gaba da sunan da sababbin makaɗa, har ya janyo Bill Bruford daga Yes a 1972.

Bangon faifansu na farko ba ya ɗauke da suna ko kalma ɗaya a gaba, sai wata jar fuska a firgice, baki wangame, idanu sun karkata gefe. Barry Godber ne ya zana ta, abokin Sinfield, mai aikin tsara manhajar kwamfuta. Bai sake zana bangon wani faifai ba, domin ciwon zuciya ya ɗauke shi a Fabrairun 1970 yana ɗan shekara 24. Asalin zanen yana hannun Fripp.