Johnny Morris da Shirye-shiryen Yara na BBC, 1946 zuwa 1983

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin aikin Johnny Morris, ɗaya daga cikin fitattun masu gabatar da shirye-shiryen yara a rediyo da talabijin na BBC. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci nazari shi ne, a kansa aka yi ja-in-ja tsakanin hanyoyi biyu na koyar da yara, wato hanyar mai ba da labari da hanyar masanin kimiyya.

2.0 Daga Gona Zuwa Rediyo

An haifi Morris a garin Newport na yankin Wales cikin 1916. Kafin ya shiga aikin watsa labarai ya yi shekaru yana kula da wata gona a gundumar Wiltshire ta Ingila. A can ne Desmond Hawkins, wani mai tsara shirye-shirye a BBC, ya ji shi yana ba jama'a labari, ya ga baiwar da Allah ya yi masa ta kwaikwayon muryoyi. Aka fara jin muryarsa a rediyo cikin 1946.

Wannan asali yana da muhimmanci. Gona ta sanar da shi halayen dabbobi, rediyo kuwa ya koya masa zana hoto da murya kaɗai, tun da mai sauraro ba ya ganin kome. Da waɗannan abubuwa biyu ya shiga talabijin.

3.0 Zamanin Talabijin

Daga 1953 zuwa 1961 ya riƙa fitowa a shirin The Hot Chestnut Man, a matsayin mai gashi a bakin titi wanda ke ba yara labari. Amma shirin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Animal Magic, wanda aka soma cikin 1962. A ciki yakan sa tufafin ma'aikacin gidan zu, akasari kuma a gidan zu na Bristol ake ɗaukar hotunan. Dabararsa ita ce sa wa dabbobi baki. Idan raƙumi ya murtuke fuska, sai Morris ya ara masa muryar mai gunaguni. Idan biri ya yi ƙiriniya, sai a ji shi yana kare kansa. Ta haka yaro kan tsaya ya ƙura wa dabba ido, ya lura da tafiyarta da cin abincinta, alhali yana zaton wasa kawai yake kallo.

4.0 Saɓani da Masana

Dabarar da ta ɗaukaka shi ita ce kuma ta kawo ƙarshen shirin. Masu suka sun ce ɗora wa dabba tunanin ɗan Adam yana ɓata ilmi, domin yaro zai tashi da zaton giwa tana fushi ko kunya kamar yadda mutum ke yi. Wannan ra'ayi ya yi rinjaye, aka dakatar da Animal Magic cikin 1983, bayan shekara 21. Shirin The Really Wild Show da ya biyo baya cikin 1986 ya fi karkata ga bayanin kimiyya, kuma cikin masu gabatar da shi har da Terry Nutkins, wanda ya yi aiki tare da Morris. An ba Morris lambar girma ta OBE cikin 1984, ya rasu cikin 1999.

5.0 Kammalawa

Masu suka suna da hujja, domin dabba ba ta magana. Sai dai ilmi ba ya shiga sai an sami mai saurare, Morris kuwa ya riƙe hankalin yara fiye da shekara ashirin. Darasin da ke nan ga masu tsara shirye-shirye shi ne su yi amfani da labari wajen jawo yaro, sa'an nan su bayyana masa inda wasa ya tsaya da inda gaskiya ta fara.