Komadugu Yobe, kogin da ke tsakanin Najeriya da Nijar

Komadugu Yobe kogi ne da ke ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi a arewa maso gabashin Najeriya, ya miƙe gabas har ya faɗa Tafkin Chadi. Wajen kilomita 150 na ƙarshen tafiyarsa shi ne iyakar Najeriya da Nijar. Damasak da Malam Fatori suna kudu da shi, Diffa da Bosso suna arewa.

Ruwan da yake ɗauke da shi ba na yankin ba ne, domin damina a nan gajera ce. Daga nesa yake zuwa: Kogin Haɗeja, wanda kogunan Kano da Challawa suka haifa, da Kogin Jama'are mai gangarowa daga tsaunukan Jos. Su biyun sukan bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sannan su haɗe kusa da Gashuwa. Daga nan kogin ya wuce Gaidam, ya karɓi Komadugu Gana a wajajen Damasak. Da yake ƙasar ba ta da gangare sosai, ruwan yana tafiya a hankali ƙwarai. Ruwan saman da aka sha a Kano cikin watan Agusta ba ya cika kogin a Diffa sai wajen Nuwamba, lokacin da an riga an yi girbi. Kafin bazara ya janye, ya bar gurabe da rairayi. Abin da yake zubawa a tafkin kaɗan ne, don fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan kogunan da ke shiga Chadi daga Shari da Logon yake fitowa.

Ƙanƙantarsa ba ta hana shi daɗaɗɗen tarihi ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana, ya ci karo da wani kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8. Bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma shi ne mafi tsufa da aka taɓa tonowa a Afirka.

Zamanin da kogin ya fi ɗaukaka shi ne na daular Borno. Bayan Bulala sun kori sarakunan Saifawa daga Kanem, sun daɗe ba su sami mazauni tsayayye ba, sai wajen 1470 da Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da Yobe, gabas da Gaidam ta yau. Zaɓen wurin akwai hikima: ga ruwa da kifi da fadamar noma, ga hanyar Sahara ta Kawar zuwa Fezzan, ga ƙasar Manga a arewa mai gishiri da kanwa, waɗanda fatake ke kai wa kasuwannin ƙasar Hausa. A Gambaru, bakin kogin, aka gina fada da jan bulo. Fiye da shekara 300 birnin yana mulki, har da zamanin Mai Idris Alauma, kafin mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar su ci shi a 1808. Shehu Muhammad al-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, mulki ya koma can. A duk waɗannan ƙarnoni kogin tsakiyar ƙasa yake, gaɓoɓinsa biyu na daula ɗaya.

Turawa ne suka mai da shi iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Say zuwa Barwa a bakin tafki. Aka gyara a 1898, amma Faransawa suka koka cewa rabonsu ba shi da hanya mai ruwa zuwa Damagaram da Chadi. Aka sake zama a 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi iyakar suna kafa alamomi. Haka Mobar, reshen Barebari da ke zaune a gaɓa biyu, suka wayi gari cikin ƙasashe biyu, ko da yake auratayya da cin kasuwa ba su tsaya ba.

Babban sauyin da ya biyo baya daga yamma ya zo. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980. Ambaliyar da fadamu ke dogaro da ita ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru. Masu noman rani a Kano sun amfana, amma na ƙasa da su, masunta da manoman shinkafa da makiyaya, su ne suka ɗauki asarar, alhali ba a tuntuɓe su ba. Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suke tarayya a kai. Shekara guda bayan haka aka ƙirƙiri Jihar Yobe, aka sa mata sunan kogin.

A gaɓar Nijar arzikin kogin shi ne tattasai, wanda ake nomawa da injin ban-ruwa, a shanya, a ɗura a buhuna zuwa kasuwannin Najeriya. Rikicin Boko Haram ya gurgunta wannan sana'a. 'Yan ƙungiyar sun kama Damasak a Nuwamban 2014, suka kai hari Bosso da Diffa a Fabrairun 2015. Gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana cinikin tattasai da kifi na wani lokaci, ƙauyuka da dama na bakin ruwa suka watse, mutanensu suka koma zaman gudun hijira a gefen babbar hanyar da ta ratsa Diffa.