Tarihin Karatun Likita: Ina Rabon Ƴaƴan Ƙasar Gure?

Yau za mu yi tarihi a kan tambaya guda. Don me likitoci ƴan asalin ƙasar Gure ba su da yawa? Ga Mangawa, ga Tubawa, ga Fulani, ga Buzaye, ga Hausawa, kowa yana ciwo, kowa yana bukatar magani. To, mene ne ya tare wa ƴaƴansu hanya? Ku biyo mu sannu a hankali.

A zamanin mulkin Nasara babu makarantar likita a Nijar. A shekarar 1918 Faransawa suka buɗe guda a Dakar, ƙasar Senegal, domin dukan ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Wanda ya gama ba ya zama daidai da likitan Bature, mataimaki ne kawai. Kafin yaro ya shiga, sai ya gama lakwal ta garinsu, ya wuce ta babban gari, sannan ya ci jarrabawar makarantar William Ponty. Nan ne Bubu Hama da Diori Hamani suka koyi aikin malanta. Ƴan Nijar da suka kai can kaɗan ne ƙwarai.

A shekarar 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai Yamai. Manyan makarantu suka bi gwamnati. Daga Gure zuwa Damagaram kilomita fiye da 150 ne. Daga Damagaram zuwa Yamai kuma wajen 900. Kun ga ke nan ɗan gabas ya ƙara nisa da ƙofar.

Akwai kuma laifin da yake namu. Iyaye da yawa sun ji tsoron lakwal, suna ganin za ta raba yaro da addini da garke. Idan kumandan ya ce a kawo yara, sai a ɓoye su. Waɗansu masu sarauta suka aika ƴaƴan barorinsu a madadin nasu. Ranar da Nijar ta sami ƴancin kai, 3 ga watan Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba.

Bayan ƴanci abin ya fara sauyawa. A 1971 aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai. A 1973 ta zama jami'a. A 1974 aka buɗe makarantar koyon aikin likita a cikinta. Ita ce jami'ar da aka sa wa sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa. Yanzu ana karatun likita a Damagaram da Maraɗi. Abin da dā sai an je bakin teku, yau ga shi a jiharmu.

Wannan damuwa ba a Nijar kaɗai take ba. A Amurka, Baƙaƙen fata sun daɗe a baya wajen karatun likita. Wata jami'a a jihar Kalifoniya ta ware kujera 16 cikin 100 domin ƙabilu marasa rinjaye. Wani Bature mai suna Bakke, da bai sami shiga ba, ya kai ƙara. A 1978 kotun ƙoli ta ce ware kujeru haramun ne, amma ana iya duba launin fata tare da sauran abubuwa. A 2023 kotun ta hana ko wannan ɗin. Maƙwabtanmu na Nijeriya kuwa sun yi wa jami'o'in tarayya ƙa'ida: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki, 35 ga ƴan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari baya a boko.

Me muka koya? Gardamar kujera tana amfanin wanda ya iso bakin ƙofa ne kawai. Yaranmu da yawa tun a hanya suke faɗuwa. Hanyar kuwa ga ta: shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, sai jarrabawar bak ta fannin kimiyya. Bayan nan karatun likita, shekara 7 ko fiye.

Ga wuraren da ake faɗuwa. Yaron rugga yana fara karatu da Faransanci, harshen da bai taɓa ji a gida ba. Idan rani ya yi, iyaye su tashi da dabbobi, shi ma ya bi. Ɗan ƙauye ya ci kwaleji, amma ba shi da mai riƙonsa a gari. Yarinya mai ƙoƙari a cire ta a yi mata aure. Wani kuma ranar jarrabawa ta zo, ba shi da takardar haihuwa.

Ku duba abin da muke asara. Mace ta zo asibiti da naƙuda mai wuya, ba ta jin Faransanci, ba ta jin Hausa. Likita ba ya jin harshenta. Sai an nemo tafinta, wataƙila namiji, ita kuwa kunya ta hana ta faɗin inda ke mata ciwo. Da ƴar garinsu ce likitar, da magana ta ƙare nan take.

Saboda haka, ku da kuka koyi karatu da girmanku, ga aikinku. Ku yi wa kowane jariri takardar haihuwa. Ku riƙa duba makin yaranku, tunda yanzu kuna iya karanta lamba. Mai gida a Gure ya riƙe ɗan ɗan'uwansa na ƙauye. Ƴa mace a bar ta ta gama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.