Riruwai: Kuzar da ta Riga Turawa

Wanda ya zaga duwatsun Riruwai da ƙafa, can ƙasar Doguwa, zai tarar da tsofaffin ramukan haƙar kuza, ya ɗauka aikin Turawa ne kaɗai. Alhali tun kafin zuwansu mutanen garin suke narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwannin Kano. Irin waɗannan tsinkaye ne Kamfanin Neja ya bi sawunsu a 1902, har ya dangana da tsaunukan Jos. Daga nan lasisin haƙa ya koma hannun kamfanoni, murhun 'yan ƙasa ya mutu, ba don gwanintarsu ta gaza ba. Kamfanonin su ma faɗuwar farashin kuza a 1985 ta durƙusar da su.